Wa Ya Rubuta Wannan Shirme?

Ko na tsufa tukuf ba na jin zan manta da taron tsara aikin shekara da muka yi a Ƙaura Namoda, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara. Lokacin ni ne babban manajan wani kamfanin hatsi mai rassa uku: Ƙaura, Shinkafi da Zurmi. Mukan sayi gero da dawa da wake da kaka, mu ajiye, mu loda zuwa kudu. Shekaruna talatin da 'yan kai, ina yawo da jaka mai makulli (jarida ce da goro a ciki), kuma a ganina kafin zuwana a duhu kamfanin yake tafiya.

Mai kamfanin, dattijon da kowa ke kira Alhaji, yana da wata al'ada da ke ba ni haushi. Duk sanda taro ya matso, sai ya yi mako guda yana zagaya rassa, ya zauna kan buhu yana hira da masu awo da direbobi. Ni kuwa ina ofis ƙarƙashin fanka, ina aika umarni a 'yan guntayen takardu. Kowane reshe ya rubuto tsarinsa, aka haɗa aka ajiye mini a tebur tun saura kwana goma. Ban ko buɗe ba.

Sai a wurin taron na fara buɗawa, ina neman kuskuren da zan nuna isa da shi. Na kuwa samu a shafin Zurmi: wai a buɗe wurin sayen gero a Birnin Tsaba tun watan Agusta.

Na buga tebur. "Wa ya rubuta wannan shirme? Agusta? Gero bai nuna ba, hanya duk taɓo. Ganye za mu saya?"

Malam Bawa, manajan Zurmi, sa'an mahaifina ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka shi daɗe, a yi haƙuri."

Da na tsaya nan da na tsira. Amma ina! Daɗin muryata ya ɗebe ni. Na yi ta zuba, har na ce wanda ba zai iya tsara aiki ba ya ba matasa wuri, kuma ina ba da shawarar a canza Malam Bawa.

Alhaji ya ɗaga hannu. "Manaja, dakata. Muna murnar Shari'a ta zo, ai ba mu yanke ma mutum hukunci ba mu ji ta bakinai ba. Bawa, mi ya sa ka rubuta haka?"

"Alhaji, a bar maganar."

"Ba a bari."

Malam Bawa ya daɗe yana laluben aljihu kafin ya zaro wata guntuwar takarda. Manajan Shinkafi ya karɓa don ya miƙa, ya leƙa, sai tari ya sarƙe shi. Alhaji ya juya ta, ya turo mini. "Ban zo da tabarau ba. Karanta muna." (Har yau ban sani ba ko da gaske ya manta shi.)

Na gyara murya na fara: "Lallai a buɗe Birnin Tsaba a watan Agusta, ba na son jayay..." Nan harshena ya tsaya. Rubutuna ne. Ga sa hannuna a ƙasa, da 'yar wutsiyar nan da na yi mako ina koyon ja. Sai a lokacin na tuna: ranar da na dawo daga wani kwas a Kaduna na rubuta ta, bayan an koya mana cewa a riƙa riga abokan gasa shiga kasuwa. Ashe sau biyu Malam Bawa ya rubuto mini bayani, wasiƙun suna cikin durowata ban farke ba.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Kiran azahar ne ya cece ni. Bayan sallah na sami Malam Bawa yana sa takalmi, na durƙusa na ba shi haƙuri.

"Tashi, ɗana," in ji shi. "Ni dai ban so a karanta ba."

Da muka koma, Alhaji bai ƙara tayar da zancen ba. Cewa kawai ya yi a sake tsarin daga farko, manajojin rassa su fara magana, ni in biyo baya, shi ya rufe. Nan na ji abubuwan da ban taɓa sani ba game da kamfanin da nake taƙamar riƙewa. Kaka ta zo, aikin ya tafi daidai, kuma ba layi ɗaya nawa a cikin tsarin.

Abin da na koya shi ne, idan na ƙasa da kai ba su da amsa sai "to, ranka shi daɗe", ba tsari kuke yi ba, kai kaɗai kake surutu. In kuma ka ƙudura sai ka zagi takarda a gaban jama'a, daure ka fara tambaya a ɓoye ko wa ya sa aka rubuta ta.