Jinyar da Habboba Ta Yi wa Babur

Sanyin safiyar nan ban manta shi ba. Iska na busowa daga arewa, ruwan buta kamar zai yanke wa mutum yatsu. Ina zaune a tsakar gida, matata Barakatu tana dafa jabana, wato gahawa, a kan garwashi. Jikanmu Alamin shi ke noma hawashata, wato gonata ta ban-ruwa, tun da gwiwa ta kayar da ni, babur ɗinsa mai dogayen ƙafafu, irin na ratsa laka, a rumfarmu yake kwana. Ranar ce zagayen ruwanmu. Mai gadin tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, zai buɗe mana da hantsi, in bai ga mai tarar ruwan ba ya ba na gaba, mu kuma sai bayan mako biyu, ga alkama tana fid da kai. Daga gida zuwa hawasha tafiyar awa biyu ce a ƙafa.

Alamin ya shigo yana hura hannu, ya gaishe ni, ya juya wajen kakarsa, Habboba kamar yadda jikoki ke kiranta.

"Ina kwana, Habboba. Ashe kina nan? Na zaci sanyin jiya ya tahi da ke, har na fara cigiyar wata matar."

"Wa za ta aure ka, miji ba gemu ba jaki? Zo ka sha jabana, ko jini ya zagaya wanga ƙashin naka."

"Ba lokaci, amarya. Ruwa na jirana."

Ya turo babur, ya hau, ya taka. Babur ya yi tuf, ya yi shiru. Ya sake takawa. Ya taka har ya cire rawani.

"Bar shurinsa," in ji Barakatu. "Dabba ba a tashinta da shuri da sanyin safiya. Ko gaishe shi ka yi?"

"Ba dabba ba ne, ƙarfe ne. Jiya lafiya lau na aje shi. Mi kika yi mishi, tsohuwa?"

"Jinya na yi mishi. Ka dawo da shi da magariba yana tari, kai kuwa ko a jikinka. Na rufa mishi bargon kakanka, na cusa mishi auduga a wancan bututun na baya, kar sanyi ya shiga cikinsa. Yadda nake yi wa kunnena."

Alamin ya yi dariya. "Makon jiya kin ce kin ba shi madarar akuya. Kafin nan kin ce kin hau shi har garin Rufa'a kin dawo ina barci."

"Na hau mana. Da shi na ƙetare kogi, ko jiƙa bai yi ba."

Ni dai na rasa gane kan maganar. Bargona na nema jiya ban gani ba, da asuba na same shi yana warin banzin, man babur. Amma shekara hamsin ke nan ina jin matar nan tana shara wa jikoki ƙarya da fuska a ɗaure, ban taɓa sanin ranar gaskiyarta ba. Sai na zuba musu ido.

Alamin ya buɗe tanki ya leƙa, ya girgiza babur, mai na nan. Ya zare tiyo ya hura. Ya kwance fulogi, ya fito da shi baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf.

"Ka gani? Majina ce," in ji ta. "Na faɗa maka mura ce. Kawo shi nan."

"Habboba, shi kaɗai gare ni. In ya lalace sai an je garin Managil a sayo wani."

"Uwarka da ta yi mura tana ƙarama haka na gasa mata ƙafa. Ga ta can ta warke, har ta haifi abin da ta haifa."

Ta fizge fulogin, ta ɗora shi a gefen garwashi kusa da jabana, tana juya shi da cokali kamar mai gasa gyaɗa. Ya bushe, ya yi fari. Alamin ya ɗauka da bakin rigarsa ya mayar, ya taka. Babur ya yi tuf, tuf, tuf, kamar wanda aka shaƙe, ya mutu.

"Sau uku," in ji Barakatu. "Da sau ɗaya yake yi. Sauƙi yana samuwa."

Alamin ya ɗaga kai. Ya dubi katanga, rana ta riga ta sauko rabinta. Ya zauna a ƙasa, ya dafe kai. Barakatu ta dube shi, ta dube ni. Sai ta kira sunansa, abin da ba ta cika yi ba.

"Alamin. Ka duba bututun."

Ya ɗago, ya ƙura mata ido. "Wasa kike ko gaskiya?"

"Ni ma yanzu ban sani ba, ka rikita ni. Amma audugar matashina ta ragu."

Ya tsuguna bayan babur, ya zura waya a salansa, ya jawo. Auduga ta fito. Ya sake jawowa, wata ta fito. Daga ƙarshe sai ga guntun tsohon mayafinta da ta danna a ciki da muciya.

"Don me ba ki faɗa ba?"

"Tambayi kakanka in ban faɗa ba."

"Ta faɗa," na ce.

Taku ɗaya babur ya tashi, kaji suka watse.

"Wutata ta warkar da shi," in ji ta cikin ƙarar.

"Audugarki ta kashe shi."

"Da ban toshe shi ba ya kwana ya sanƙare, mi za ka tayar? Yalla, tahi, kar ka sa alkamata ta mutu don lalacinka."

Alamin ya iske mai gadin tur'a har ya ɗaure jakinsa a bakin hawashar maƙwabcinmu, yana shirin juya ruwan. Da ƙyar ya tare shi. Alkama ta sha.

Da la'asar ya dawo, laka har gwiwa, ya aje mata ƙullin bun, 'ya'yan gahawa, da citta a kan cinya.

"Ga naki, likita. Na yarda, ke kika tayar da shi. Amma daga yau in za ki faɗi gaskiya, ki riƙa ɗaga hannu."

Ta sunsuna ƙullin, ta yi dariya. "Cittar ta yi kaɗan. Amma halas, shi ke nan, na fasa rabuwa da kai."

Barakatu ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Alamin ya koma tuƙa raksha, keken haya mai ƙafa uku. Babur ɗin yana nan a rumfa, ba ya tashi, akwai auduga a salansarsa. Alamin ke sauya ta duk shigowar sanyi, ya ce saboda zanzaro ne, kar ya yi gida a ciki.