Yadda Za Ka Gane Ko Kwamfuta Tana Aiki Ko Ta Sume

Ni ne Labaran. Shekara goma sha ɗaya ke nan ana kirana "mai kwamfuta" a ofishinmu, saboda na taɓa zaro takardar da ta maƙale a firinta. Dabarun da zan ba ka nan suna ci a kan kowace irin kwamfuta, ta tebur ko ta jaka, kuma kayan aikin duk a jikinka suke. Na ba ka tabbaci.

Na gwada su ranar da aka ba ni aikin tura sunayen masu jarrabawar ƙarin girma ta shafin intanet, shafin kuma ƙarfe huɗu za a rufe shi. Cikin sunayen har da na Malama Aziza mai buga mana takardu, wadda ta shekara takwas a mataki ɗaya. Na danna wurin turawa tun ƙarfe goma, wani ɗan zobe ya kama juyawa a allo.

1. Hana kowa taɓawa

Wannan shi ne ginshiƙi. Ja kujera ka tare gaban tebur. Duk wanda ya matso, ɗaga masa hannu kamar ɗan sandan kan titi.

2. Ɗora tafin hannu

In da ɗumi, tana aiki. In da sanyi, tana hutawa ne don ta ci gaba. Ka ga ta kowane ɓangare ba ka faɗi ba.

3. Kara kunne

Runtse ido, ka ce kowa ya yi shiru. Ƙarar da za ka ji wataƙila ta fankar sama ce, amma gyaɗa kai a hankali.

Malama Aziza ta leƙo da sha biyu. "Malam Labaran, ya tafi kuwa? Tun bakwai na baro Hayin Banki saboda abin nan."

Na ce, "Yana hanya, Malama. Ina jin motsinsa."

4. Zargi netwok

Fita baranda ka ɗaga waya sama, ka dubi wajen Unguwar Rimi, ka yi tsaki. Ba a taɓa jin netwok ya zo ya kare kansa ba.

5. Tafi salla

Ka daɗe a addu'a. Gaskiya a nan na yi addu'a da gaske, don na san zoben nan yakan juya ko aikin ya mutu.

6. Kada ka bar kujera babu mai gadi

Nan ni na yi sake. Na dawo daga la'asar, huɗu saura minti biyar, na tarar da Malama Aziza zaune a wurina. Ta ja babban shafin gefe. Ashe a bayansa akwai wani ɗan akwati da ke tambaya ko na tabbata a tura. Tun ƙarfe goma yake jiran amsa.

Ta danna. Kafin in gama saka takalmi, sunaye sun shige.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam Labaran, ashe kwamfutar ma kai take jira."

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya ji kunya, babu hannuna, kada ya neme ni. In ma ya zo ba zai same ni a tebur ba. Ina layi a ƙofar Malama Aziza, don ta ci jarrabawar, yanzu ita ke sa hannu a takardar hutuna.