Allon Tagulla na Kawu Na-Sani

Daga garin Alice Springs har inda kwalta ta ƙare, ba a taɓa yin masanin al'adunmu, mu 'yan asalin ƙasar nan, kamar Malam Graeme Pettifer ba. Shi da bakinsa ya faɗa. Liƙin dalma da na tagulla aka turo shi ya koya wa yaranmu, amma tun da ya ci wutsiyar kangaru, naman dajinmu, sau ɗaya bai yi amai ba, ya zama ɗan gari. Yara suka sa masa Kawu Na-Sani.

"Kakanninku da ƙaron ciyawa suke manna dutse a ƙota," in ji shi, yana kaɗa bututun wuta a hancin yara. "Ni kuwa na zo da tagulla in ƙarasa abin da suka fara."

Muka haɗiye, don tuwon gobe ake wanke tukunya. A ɗakin ƙirar nan kaɗai jikata Tarni za ta samu takardar shiga aikin haƙar ma'adinai, kuma hukuma ta ce in sufeto mai duba makarantu ta zo ta tarar ba yara, rufe shi za a yi.

Ana haka dattijonmu ya rasu. Ba zan kira sunansa ba, kamar yadda ba mai kira a cikinmu sai shekaru sun ja. Ɗan yaye ma ya san wannan. Masaninmu kuwa, wai don tunawa da shi, ya yanka haruffan sunan manya-manya, ya liƙe su da tagulla a allon ƙarfe, ya kafa a ƙofar ɗakin, ya lulluɓe da ƙyalle.

Gwaggo Noeleen, mai dafa wa yara abinci, ta ji ƙishin-ƙishin ta tare shi. "Ɗan nan, bar abin can a rufe."

"Gwaggo, kunya ce kawai irin taku," in ji shi. "Na yi karatu a kanta."

Ranar da sufeto ta zo, ya tara gari, ya yaye ƙyalle, ya rangaɗa sunan a lasifika. Matar mamacin ta dafe kai ta fashe da kuka. Iyaye suka ja hannun 'ya'yansu suka watse. Tarni ce ta ƙarshe: ta ajiye tabarau ɗin aikinta a hankali ta biyo ni. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Sufeto ta leƙa ɗaki, kujeru kaɗai ta gani.

"Kin gani, ranki ya daɗe? Abin ne ya ratsa su," in ji shi. "Bari in dawo miki da su." Ya ƙara wa lasifika murya ya sake kiran sunan.

An rufe ɗakin. Tarni tana zaune a gida. Kawu Na-Sani kuwa yana birnin Adelaide, yana koya wa sababbin malamai yadda ake zama da mu.