Ƙurar da Maryvonne Ta Kakkaɓe

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Diyyar Tsofaffin Sojojin Ruwa da Ma'aikatan Gyaran Jiragen Yaƙi, mai hatimi bakwai, mai alƙalamin da bai san gaggawa ba,
ta hannun jaridar garinmu, Porz-Avel, yammacin Faransa.
Afrilu, 2004.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramin ma'aikaci ga babba, ina fatan kana numfashi lafiya, kai da duk na ofishinka. Kada ka ɗauka ba'a ce. A unguwarmu babu gaisuwar da ta fi wannan tsada.

Sunana Jakez Kervella. Shekara huɗu na yi ina sojan ruwa a ɗakin injin jirgin yaƙi, sannan ashirin da bakwai a tashar gyaran jirage, ina naɗe bututan tururi da asbesto, farar audugar nan da wuta ba ta ci. Wasiƙunka biyu sun iso mini rana ɗaya. Ta farko ta ce an yarda huhuna ya yi tabo a bakin aiki, za a kula da ni. Na gode. Ta biyu ta ce matata Maryvonne, wadda ciwon dajin asbesto ya kama wa huhu, ba ta cancanci komai ba, domin "ba ta taɓa shiga harabar tashar ba." Abin da muka roƙa mata bai wuce na'urar iskar numfashi da ma'aikaciyar jinya mai zuwa gida ba, don kada a kwashe ta zuwa babban asibiti mai nisan awa uku, ta ƙarasa kwanakinta cikin baƙin fuskoki. Ka yi mini izini in jera 'yan ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi.

Na farko. Gaskiyarka, yallaɓai, ba ta taɓa shiga ba. Masu gadin ƙofa ba sa barin mace ta wuce, ko da abincin mijinta ta kawo. Ina yaba wa ofishinka da ya gano wannan bayan binciken wata goma sha huɗu. Da an tambaye ni, da na faɗa tun kafin shayin mai binciken ya huce.

Na biyu. Tunda ita ba ta shiga tashar ba, tashar ce ta riƙa zuwa wajenta, kowace Juma'a, a bayan kekena. Akwai ɗakin wanki a tashar, har da injina, amma na hafsoshi ne, masu fararen kaya da ko ƙuda ba ya sauka a kai. Mu masu shuɗin kaya, da muke fitowa fari fat kamar an tsoma mu a buhun fulawa, aka ce kowa ya kai wa matarsa. Wa ya tsara haka? Ni dai ba a nemi shawarata ba. Na taɓa tambayar helmanmu, shugaban rukuninmu, ko ƙurar nan tana da illa, ya ce, "Kai Jakez, ka cika tsirfa! Abin da wuta ta kasa ci, shi zai ci ka? Sha madararka ka koma aiki." Kowace safiya ana ba mu kofin madara, wai tana wanke ƙirji. Ita Maryvonne ko madarar ba a aika mata ba. Ina roƙon a duba ko tana da haƙƙin wannan aƙalla.

Na uku, kuma a nan nake so ka gyara zama. Ran Asabar da hantsi, duk matan layinmu suna fitowa filin bayan gidajensu da kayan mazajensu, kuma doka ce da ba a rubuta ba: ba a tsoma kaya a ruwa sai an kakkaɓe su. Macen da ta tsoma ba kakkaɓa, ƙazama ce, har a ƙofar coci sai an yi da ita. To matata ita ce sarauniyar wannan fage. Ta rataye wandon a igiya, ta sa sanda ta yi masa dukan ɓarawo, ta juya aljihu, ta bi ɗinki ɗaya bayan ɗaya tana hurewa da baki. Ƙura ta tashi ta rufe ta har gashin ido, tana tari tana dariya. Ni kuwa ina zaune ina cin fanke da man shanu, ina hura hanci, domin ran Litinin ba wanda zai kai ni tsaf a tasha.

Maƙwabciyarmu Annaig Riou ita ce ƙazamar layin. Daga jaka sai cikin baho, ba duka ba hurawa. Maryvonne kan leƙa ta katanga ta ce, "Annaig, ke dai kin ji kunya. Wanki kike ko jiƙa wake?" Ita kuma ta ce, "Bar ni da lalacina, 'yar'uwa, wandon mijina Fanch ba zai je gaban alƙali ba." Yau Annaig tana da shekara saba'in da tara, ranar bikin jikarta sai da aka roƙe ta kafin ta bar filin rawa. Matata kuwa daga gado zuwa taga sai ta huta sau biyu. Shin ofishinka yana da fom na wanda tsafta ta kashe? In babu, ina ba da shawara a buga, domin matan layinmu huɗu sun riga sun tafi ba su cika shi ba.

Na huɗu. An ce in ina son ɗaukaka ƙara, in kawo abokan aiki uku su shaida cewa ina zuwa gida da kayan. Mu tara ne a rukuninmu. Bakwai suna kwance a maƙabartar bayan cocin garinmu, a jere, kamar yadda muke tsayawa karɓar madara, Fanch mijin Annaig na cikinsu. Na takwas yana raye, amma kafin ya faɗi sunansa sai ya ja numfashi uku, magatakardanka kuwa na ga ba mai haƙuri ba ne. Ko za a karɓi shaida ɗaya da rabi, ni da shi?

Na biyar. An kuma ce in kawo kayan aikin a auna ƙurar da ke jikinsu. Ranka ya daɗe, wannan cin fuska ne ga Maryvonne. Ƙura a kayan da ta wanke? Ko zare ɗaya ba za ku samu ba. In ƙurar kuke nema, likita ya nuna mini inda take a hoton ƙirji, kuma ba inda za ta je.

Na shida ba ƙorafi ba ne. Masu iya magana sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A gidana ba haka aka yi ba. Ni na ja, ita ya doka, kuma wannan abu yana cin raina fiye da tabon da kuka amince da shi. Kwamitinka zai zauna a Nuwamba. Likita ya ce kada mu yi lissafin da ya wuce Agusta. Saboda haka ga roƙona, ba zai ci wa hukuma ko kwabo ba: a ɗauki takardar da aka amince da ita, a soke Jakez, a rubuta Maryvonne. Kervella ɗin ma ba sai an taɓa shi ba. Ni zan ci gaba da tarina a kan kuɗina.

Saura saƙo ɗaya da aka ba ni amana. Ranar da wasiƙun suka zo, ta tambaye ni daga gado, "Tsoho, me mutanen naka suka ce?" Na dubi fuskarta, bakina ya ƙi faɗin gaskiya. Na ce sun amince, na'urar tana hanya, ba inda za a kai ta. Ta ce, "Ka gani? Kullum kana zaginsu, ashe mutanen kirki ne. Ka rubuta ka yi musu godiya, kuma ka yi rubutu mai kyau, ba irin naka na tafiyar kaza ba." Kwana goma sha ɗaya ke nan, duk motar da ta tsaya a layinmu sai ta ce in leƙa.

To ga godiyarta na isar, yallaɓai, da hannu biyu. Idonta ya daina ganin ƙananan rubutu, ni nake karanta mata jarida, kuma zan tsallake wannan shafi. Maƙwabta, kowa ya kama bakinsa, musamman ke Annaig. Kai kaɗai ka rage, ranka ya daɗe, da ikon mayar da ni mai gaskiya a wajen matata.

Naka mai biyayya, hula a hannu, kai a sunkuye, muddin numfashi ya bari,

Jakez Kervella,
tsohon sojan ruwa, mai naɗe bututu,
mijin Maryvonne.