Tarkon Hankaka Ya Kama Injiniya

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, can a tsakiyar shekarun tamanin, lokacin ina sabon injiniya, ina haya a wani ɗan gida a Springfield, a Amurka. Hankaki ne suka sa ni a gaba. (Hankakan Amurka ba irin namu mai farin ƙirji ba ne, baƙi ne wuluk, ga rashin kunya.) Duk ranar kwashe shara sai su farke ledojina su watsa ƙasusuwan kaza a titi, su zagaya bayan gida su ragargaza ɗan tumatirin da na shuka.

Na buga ƙirji a gaban Rifkatu, nas ɗin da nake nema da aure, na ce mata tun ina yaro a Pankshin tsuntsaye ke kaura idan sun ji sunana. (Gaskiyar magana, kurciya ɗaya na taɓa kamawa a rayuwata, ita ma da karyayyen fiffike na same ta.)

Na sayo katako da ragar waya, na haɗa keji babba a bayan gida, tsayinsa iya ƙirjina. Na bar tsaga a sama, hankaka ya shiga ya kasa fita. Ƙofar kuwa na yi mata sakata ta waje mai faɗawa da kanta. Wannan sakata har zanenta na yi a takarda don alfahari.

To, a wannan Asabar ɗin ne kawun Rifkatu, babban likita da ke Fort Washington, zai zo ya ga wane ne wannan mai son 'yarsu. Shi ne uba gare ta a ƙasar nan, in ya ce a'a, zance ya mutu. Sun ce ƙarfe biyu. Wajen ɗaya da rabi na leƙa, sai ga hankaka guda a tarko! Na ce bari in cire shi kafin in yi wanka. Na rarrafa ciki daga ni sai gajeren wando da singileti mai huji. Iska ta kaɗa ƙofa. Ƙaras!

Na tura, na girgiza, na zura yatsa. Ina! Injiniyan da ya yi aikin ya iya aikinsa.

Abokin zamana kuwa ya buɗe baki ya kwarma ihu. Ashe gangami yake yi. Kafin ka ce kwabo, danginsa sun cika bishiyoyi da rufin kejin, suna zagina da yarensu. Ɗaya ya daidaita ta tsagar nan ya sakar mini kashi a tsakar ka, da ɗuminsa.

A haka na ji tsayuwar mota. Suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofar gaba, na yi tsit, ina roƙon Allah su yi fushi su tafi. Hayaniyar hankakin ce ta jawo su bayan gida. Ga Kawu cikin babbar riga, ga Rifkatu riƙe da kular abinci.

Tarbiyya ba ta barin mutum. Daga inda nake tsugune na ce, “Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya?”

Ya dube ni, ya dubi hankakan, ya juya wurin Rifkatu. “Wanne ne daga ciki?”

“Mai singiletin, Kawu,” in ji ta, tana cije leɓe.

“To, madalla. Yana da ladabi dai, tun ba mu iso ba ya tsugunna.”

Da ɗan yatsa ɗaya ya ɗaga sakatar. Hankakan ne ya riga ni fita, ta kan kafaɗata.

Da muka zauna cin abinci, bayan na yi wanka har sau biyu, Kawu ya ce ya amince. Dalilinsa wai mutumin da ya iya kulle kansa ba zai yi wa 'yarsu yawon banza ba. Har ya koma ga Ubangiji bai taɓa kiran sunana ba, sai “Sarkin Tarko”, ko a cikin coci.

Abin da na koya shi ne, ranar da surukai za su zo, ka yi wanka da wuri, ka sa riga, ka nemi kujera ka zauna. Basirarka ta jira Litinin.