Bedina da Ofset ɗin Mai Girma

Ranar Talata muka tafa da Gwadabe, ɗan aiken Mai Girma Gatan Talakawa, wanda muka zaɓa bayan sojoji sun koma bariki. Sharaɗin shi ne a sare bedin ƙofar gidana, wato itacen dogonyaro, a nan Ƙofar Kwaya don faɗaɗa hanya, a yi mini ofset.

Na ce, "Gwadabe, mi ne ne kuma ofset? Ni sanda nake jan babbar mota, a bakin bakanike nake jin sa, in yana gwada zaman ƙafa."

Ya ce, "Baba, Turancin aiki ne. Mai awo in ya ja igiya daga tsakiyar titi, ofset ne. Injin da ya buga hotunan Mai Girma ma ofset ne. Naka kuwa diyya ce: a sare ɗaya, a dasa goma."

Goma a madadin ɗaya! Na miƙa hannu. Tsohon direban da ya san Legas da Agadas, sai ga shi bai tambayi inda za a sauke kaya ba.

Ranar Laraba bedin da mahaifina ya dasa ya kwanta. Hure maƙwabciyata, wadda ta shekara ashirin tana tuyar ƙosai a inuwarsa, ta dube ni ta ce, "Malam, ina goman taka? Ko suna aljihu?"

Na bi sawu. Goman nan suna nan lafiya lau, a jere a ƙofar sabon gidan Mai Girma, kowane da kejinsa na ƙarfe. Igiyar awon da ta cinye bedina kuwa, da ta isa katangarsa sai ta yi ladabi ta kauce.

Na tare Gwadabe. Ya ce, "Haba Baba, ai garin duk ɗaya ne. Inuwar can ma taku ce."

Allah ya ja zamanin farar hula! Da soja ne, sarewa zai yi ba bayani. Yanzu kuwa da Turanci ake sarewa.

Hanya dai har yau ko tsakuwa ba a zuba ba. Gwadabe ya samu itacen girki na shekara, Mai Girma ya tanadar wa jikokinsa inuwa. Hure na tuya a rana tana hararata, ni ina kan kututture hula na ɗigar gumi. Amma na koyi aikin. In zaɓe ya zagayo, zan sare ɗaya a nan, in dasa ƙuri'un gidana goma a wani wuri.