Ranar da Na Ce Babu Oksijin

Ko na tsufa na fara mance sunayen jikokina, ba zan mance da ranar da na tsaya gaban malamai a jami'a na gwada aikina na shekarar ƙarshe ba. Faɗuwa a wannan gwaji na nufin maimaita shekara.

Aikin kuwa, a zuƙe iskar da ke cikin wani bututun gilashi, a sa masa oksijin kaɗan, a sakar masa lantarki. Ƙwayoyin oksijin bibbiyu suke tafiya. Lantarkin ke raba su, ni kuma in auna yawan waɗanda suka rabu ta hanyar hasken da suke fitarwa. Akan ɗiga iskar agon kaɗan a kwatanta hasken biyun. Wata na'ura mai ƙaramin ido ke kallon bututun, alƙalaminta na zana tsaunuka a takarda.

Babana mai walda ne a Abossey Okai, da iskar oksijin yake aiki. Ya rufe shago, ya sa babbar riga, ya hau motar haya ta trotro tun daga Nima don ya ga "Uwata" (sunan mahaifiyarsa nake da shi) tana aiki. Dokta, malamin da ke duba aikina, ya ba shi kujera a gefe.

Aka saki labule, na murɗa makunni. Subhanallahi! Bututun da yake fayau ya cika da wani haske mai laushi, tsakanin fari da ruwan hoda, yana ɗan rawa kamar mai numfashi. Sau da yawa na gan shi, amma ran nan sai na ji kamar an ɗebo gefen sama bayan la'asar an ɗura a kwalba. Na sunkuya ina kallo (har wasu baitoci sun fara haɗuwa a kaina, Allah Ya yafe mini), alƙalami na ta tafiya.

Da na ɗago, layin takarda a miƙe yake sambal, ba tsauni ko ɗaya. Maimakon in tsorata, sai zuciyata ta buga don murna. Na ɗauka na gano abin da ba a taɓa gani ba! Na gyara murya na ce da Turanci, "Malamai, a wannan yanayi babu rababben oksijin ko kaɗan."

Dokta ya duba takarda. "To agon ɗin fa? Shi ma ya yi tafiya?"

Sai muryar Baba daga gefe, da Hausarmu ta Zongo: "Uwata, ni ban yi sukuul ba, amma mayafinki ya rufe ido na injin."

Haka ne kuwa. Gefen mayafina ya sauko ya lulluɓe idon ruf. Minti nawa na'urar jami'a tana auna yadin da aka saya a Kasuwar Malam Atta.

"Awurade!" in ji Dokta da yarensu, wato "Ya Ubangiji", ya kama baki. Sauran malaman ba su kama nasu ba, suka tuntsire da dariya.

Na soke mayafin a wuya, na sake daga farko. Alƙalami ya hau, ya sauka, ya sake hawa. Baba ya matso yana kallon bututun, ya ce a hankali, "Shekara da shekaru ina ƙona iskar nan, ashe haka yake da kyau."

Na ci, da kyar. Tun daga ranar, kafin in buɗe baki in ce abu babu shi, sai na fara dubawa ko ni ce na tsaya masa a gaba.